Lufus da rikicewar ƙwayoyin garkuwa: nazarin lamarin wata matashiya a Erlangen

A watan Maris na 2021, likitoci a asibitin jami'ar Erlangen da ke Jamus suka ɗauki wani mataki da ba a saba gani ba a kan mai cutar lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Sun ɗebi ƙwayoyin garkuwar wata matashiya 'yar shekara 20, suka sauya musu hali a ɗakin gwaji, sannan suka mayar mata da su cikin jini. Wannan hanya da ake kira CAR-T an san ta ne wajen maganin kansar jini. Rahoton ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Agusta na shekarar, daga ayarin da ya haɗa da Dimitrios Mougiakakos da Andreas Mackensen da Georg Schett. Gajeren rahoto ne, bai wuce shafi uku ba.

Abin da ya ba lamarin nauyi a wurina shi ne tambayar da ya taɓo. An daɗe ana ganin cewa idan lufus ta tashi, wasu ƙwayoyin garkuwa suna yawa, wasu kuma suna raguwa ko su yi sanyi. To, wannan rikicewar ce ke tayar da cutar, ko kuwa cutar ce ke haifar da ita? Auna jinin mutum dubu ba zai raba wannan gardama ba, domin aunawa tana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai. Sai an cire ɗayan, a ga abin da zai sami ɗayan. A jikin wannan matashiya an yi hakan.

Halin da take ciki

Cutar ta kama ta ta wurare da dama. Ƙodarta ta kumbura, irin kumburin da ake sa wa mataki na 3, kuma furotin yana zuba a fitsarinta fiye da miligiram 2000 a kowane giram na kiriyatinin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Yanar da ke lulluɓe da zuciyarta ta kumbura, haka ma wadda ke lulluɓe da huhu. Ga ƙuraje a fata, ga ciwon gaɓoɓi. A baya ma cutar ta taɓa murafun zuciyarta, abin da likitoci ke kira ciwon Libman-Sacks. A jini, antibodin (furotin da garkuwa ke ƙerawa don kama baƙo) da ke kai wa DNA hari ya haura 5000, furotin C3 da C4 masu taimakon garkuwa kuma sun yi ƙasa, alamar cewa jiki yana cinye su a wurin kumburi.

A ma'aunin SLEDAI makinta 16 ne. Masana a Toronto ne suka jagoranci fito da wannan ma'auni a 1992. Yana duba abubuwa 24, kowanne da nauyinsa: farfaɗiya maki 8, ciwon gaɓoɓi 4, furotin a fitsari 4, ƙuraje 2, raguwar C3 da C4 2, hawan antibodin DNA 2, zazzaɓi 1. Iyakarsa 105, amma a aikace wanda ya haura 12 yana cikin tsananin cuta. A lura da wani abu: ma'aunin bai ƙirga nau'o'in ƙwayoyin garkuwa ba. Abin da ya taɓa na fararen ƙwayoyin jini shi ne raguwarsu gaba ɗaya, kuma maki ɗaya tak ya ba shi. Ɓarnar da ta riga ta fito fili yake aunawa.

Magani kuwa ba wanda ba a gwada ba cikin waɗanda ake da su: hydroxychloroquine, sitiroyid mai yawa, cyclophosphamide, mycophenolate, tacrolimus, belimumab da rituximab. Duk ba su riƙe cutar ba. Mutum ya tsaya ya yi tunanin abin da wannan jeri yake nufi ga mai shekara 20: kowane suna a cikinsa watanni ne na sa rai, sannan a koma a ce bai yi ba, ƙoda kuma tana ci gaba da lalacewa.

Abin da ke rikicewa a garkuwar mai lufus

Kullum ƙwayoyin jikin mutum suna mutuwa, jiki kuma yana kwashe su ba tare da hayaniya ba. A lufus wannan kwashewa tana da rauni, sai ɓaraguzan DNA da RNA su daɗe suna yawo. Ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu ƙera antibodi ne, sai wasunsu su ɗauki waɗannan ɓaraguzai a matsayin baƙo. Antibodin ya manne wa DNA, su dunƙule, dunƙulen ya je ya maƙale a matatar ƙoda ko fata ko gaɓa. Wannan dunƙule kuma shi ke zuga wasu ƙwayoyi su zubo da intaferon nau'i na ɗaya, sinadarin da jiki ke fitarwa idan ya ji bairos. Intaferon ya ƙara zaburar da ƙwayoyin B, su ƙara ƙera antibodi. Haka abin yake ta zagayawa, kowane zagaye yana ciyar da na gaba.

A lafiyayyen jiki akwai masu tsawatarwa. Su ne Treg, wani rukuni na ƙwayoyin T (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini daban da B), waɗanda Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ce ke ba waɗannan ƙwayoyi halinsu, kuma su ukun ne suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2025. Treg ba sa rayuwa sai da sinadarin IL-2, shi kuwa ƙwayoyin T na mai lufus ba sa samar da shi yadda ya kamata. Saboda haka masu tsawatarwar suna cikin ƙishirwa. A ɗaya gefen kuma ƙwayoyin Th17, masu fitar da IL-17 da ke janyo kumburi, suna ƙaruwa, har an same su a cikin ƙodar masu cutar. Akwai kuma Tfh, ƙwayoyin T da ke zama a kaluluwa suna taimakon ƙwayoyin B su ƙware wajen ƙera antibodi. Su ma ana ganin ƙaruwar irinsu a jinin masu lufus mai tsanani.

Bincike da yawa ya nuna cewa idan aka raba adadin Th17 da na Treg, sakamakon yana hawa tare da makin SLEDAI. Amma adadin Treg shi kaɗai ya ba masana wahala: wasu sun ga ya ragu, wasu sun ga bai sauya ba, wasu ma sun ga ya ƙaru. Dalilin saɓanin yana da sauƙin fahimta. Alamar CD25 da ake gane Treg da ita tana fitowa a kan kowace ƙwayar T da aka zaburar, FOXP3 ma yana iya bayyana na ɗan lokaci a kan ƙwayar ɗan Adam da ba ta tsawatar da komai. Sitiroyid da marar lafiya yake sha shi ma yana juya lissafin. Ni ina ganin duk rahoton da ya ce Treg sun ragu ko sun ƙaru, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne da wace alama aka ƙirga su, kuma wane magani mutanen suke sha a ranar da aka ɗebi jinin.

A ɓangaren ƙwayoyin B hoton ya fi fitowa sarai. Jimillarsu a jinin mai lufus sau da yawa ƙasa take, ba sama ba, kuma wannan yana ba mutane mamaki. Abin da ya sauya shi ne su wane ne suka cika wurin. Sababbin da ba su taɓa haɗuwa da komai ba suna raguwa. Filasmabilas, wato ƙwayoyin B da suka fara zubo da antibodi, suna ƙaruwa, kuma yawansu yana bin tashin cutar. Sai wani rukuni da ake kira DN2, wanda ayarin Ignacio Sanz a jami'ar Emory ta Amurka ya yi bayaninsa a 2018: ƙwayoyi ne masu saurin amsa kiran RNA, a shirye suke su rikiɗe su zama masu ƙera antibodi, kuma an fi ganin yawansu a Amurkawa baƙaƙen fata masu cuta mai tsanani da ciwon ƙoda. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani, cewa lufus ta fi yawa kuma ta fi tsanani a mata 'yan asalin Afirka da Asiya. Mata ne kusan tara cikin kowane goma na masu cutar.

Me ya sa rituximab bai wadatar ba

A nan gizo ke saƙa. Idan ƙwayoyin B ne tushen matsalar, ai matashiyar ta riga ta karɓi magunguna biyu da ke kai musu hari. Belimumab, wanda aka amince da shi a 2011, yana toshe sinadarin BAFF da ke raya su. Rituximab kuma yana manne wa alamar CD20 da ke jikinsu ya sa a hallaka su. Manyan gwaje-gwaje biyu na rituximab a lufus, EXPLORER da LUNAR, ba su cimma burin da aka sa musu ba, har wasu suka fara shakkar ko ƙwayoyin B suna da muhimmancin da ake ba su.

Akwai dalilai biyu da suka bayyana gazawar. Na farko, rituximab antibodi ne, ba ya kisa da kansa, sai wasu ƙwayoyin da furotin irin su C3 sun ƙarasa aikin, su kuwa a mai lufus sun riga sun gaji ko sun ƙare. Yana share jini sosai, amma a kaluluwa da saifa da cikin ƙoda yakan bar saura. Kamar wutar da aka kashe harshenta ne aka bar garwashi ƙarƙashin toka: gwajin jini zai nuna babu ƙwayoyin B, alhali waɗanda suka fi haɗari suna nan a ɓoye. Na biyu, ƙwayar B tana zubar da alamar CD20 yayin da take zama filasmabilas, sai maganin ya daina ganinta daidai lokacin da ta fara ɓarna. Alamar CD19 kuwa tana daɗewa a jikinta fiye da haka.

Ƙwayar T mai rai ce. Tana fita daga jijiya ta kutsa cikin tsoka da kaluluwa, tana kisa da kanta, tana kuma hayayyafa muddin tana samun abin da take nema. A 2019 masu bincike a jami'ar Tennessee sun nuna cewa ƙwayoyin T da aka saita a kan CD19 sun tsawaita rayuwar ɓeraye masu lufus. Kan wannan tunani likitocin Erlangen suka ɗora shawararsu.

Abin da aka yi da abin da ya biyo baya

An tace ƙwayoyin T daga jininta, aka sa musu wata ƙwayar gado ta hanyar bairos da aka cire wa haɗari, wadda ke sa su fito da ƙugiyar da ke kama CD19. Aka raine su suka yi yawa. Kafin a mayar da su, an ba ta fludarabine na kwana uku da cyclophosphamide sau ɗaya, domin a rage ƙwayoyin garkuwar da ke jikinta, sababbin su sami fili. Sannan aka ɗura mata ƙwayoyi miliyan 1.1 a kowane kilo na nauyinta, sau ɗaya.

A rana ta 3 ƙwayoyin ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na ƙwayoyin T da ke yawo a jininta ba. A rana ta 9 sun haura kashi 27. Ƙwayoyin B suka ɓace daga jini ƙaf. Cikin mako biyar antibodin DNA ya sauko daga sama da 5000 zuwa 4. C3 da C4 suka dawo daidai. Furotin a fitsari ya faɗo ƙasa da miligiram 250. Makin SLEDAI ya sauko daga 16 ya koma sifili. Ba ta sami zazzafan martanin garkuwa da masu ciwon kansa kan samu bayan CAR-T ba, kuma maganin bai taɓa ƙwaƙwalwarta ba.

Saurin faɗuwar antibodin DNA yana da abin koyarwa. Da a ce tsofaffin ƙwayoyin filasma (ƙwayoyin B da suka gama rikiɗa zuwa masu ƙera antibodi) da ke zaune a ɓargo ne ke ƙera shi, da bai sauka haka ba, domin yawancinsu ba su da CD19, maganin bai gan su ba. Saukarsa cikin makonni ya nuna cewa masu ƙera shi ƙwayoyi ne masu gajeren rai, waɗanda kullum sai an sake haifo su daga ƙwayoyin B. Da aka yanke masu haifowa, sai masana'antar ta tsaya.

Da ƙwayoyin B suka dawo

Wannan ne sashen da ya fi damuna da tunani, kuma rahoton farko bai kai gare shi ba saboda ya fito da wuri. A 2022 ayarin ya wallafa a mujallar Nature Medicine bayanin mutum biyar, mata huɗu da namiji ɗaya. Dukansu cutar ta lafa cikin wata uku, kuma an dakatar musu da magungunan danne garkuwa. Bayan kimanin kwana 110 ƙwayoyin B suka fara dawowa, kamar yadda ake tsammani, tun da ɓargo bai daina haifar da su ba. Abin da kowa ke jira ya gani shi ne ko cutar za ta biyo su. A tsawon lokacin da aka bi su, ba ta biyo ba.

Da aka duba ƙwayoyin da suka dawo, sai aka tarar yawancinsu sababbi ne fil, waɗanda ba su taɓa koyon kai wa komai hari ba. Masu riƙe da tarihin tsohon faɗa sun ragu ƙwarai, filasmabilas ma haka. Ga jiki ɗaya, ga ƙwayoyin gado iri ɗaya da aka haife shi da su, ga ƙwayoyin B sun sake cika jini, amma babu cuta. Abin da ya bambanta jiya da yau shi ne irin ƙwayoyin da suka rinjaya. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka samu a jikin ɗan Adam cewa rikicewar nau'o'in ƙwayoyin B ba inuwar cutar ba ce kawai, tana cikin abin da ke tafiyar da ita.

Wani abin farin ciki kuma: antibodin rigakafin da aka yi musu tun suna yara bai ɓace ba, saboda tsofaffin ƙwayoyin filasma na ɓargo ne ke riƙe da shi. A 2024 aka ƙara wallafa bayanin mutum 15, takwas masu lufus, uku masu kumburin tsoka, huɗu masu cutar taurin fata, kuma duk masu lufus ɗin sun kai matakin lafawa. A 2025 gwajin REGENCY ya nuna cewa obinutuzumab, wanda ke share ƙwayoyin B fiye da rituximab, ya taimaka wa masu lufus na ƙoda. Wato zurfin sharewar yana da tasiri ko da ba a yi amfani da CAR-T ba.

To ina Treg da Th17?

Mai karatu zai iya cewa, idan cire ƙwayoyin B kaɗai ya isa, me ya rage na maganar ƙwayoyin T? Ni ban ɗauki lamarin a matsayin rushe wannan magana ba. Ƙwayar B ba antibodi kaɗai take ƙerawa ba. Tana ɗauko ɓaraguzan jiki ta nuna wa ƙwayar T, tana fitar da IL-6 da ke tura ƙwayoyin T su zama Th17 ko Tfh, dunƙulen antibodinta kuma shi ke kunna intaferon. Idan aka cire ta, ƙwayoyin T masu zafi sun rasa mai zuga su. Zagaye ne, kuma ana iya tsinka shi ta wurare da dama.

Sai dai wuraren ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 2016 likitoci a Beijing sun ba masu lufus 38 IL-2 kaɗan-kaɗan, suka ga Treg sun ƙaru, Th17 da Tfh sun ragu, cutar kuma ta yi sauƙi. Amma da aka sake gwadawa tare da rukunin kwatanci, wato waɗanda ba a ba su maganin ba, sakamakon bai kai babban burin da aka sa ba, ko da yake an ga alamun amfani. Ustekinumab, wanda ke toshe hanyar da Th17 ke samun ƙarfi, ya ba da fata a gwajin farko, sannan aka tsayar da babban gwajinsa a 2020 saboda bai nuna amfani ba. Anifrolumab mai toshe intaferon ya sami amincewa a Amurka a 2021, bayan gwaji ɗaya ya gaza, na biyu ya yi nasara. Alamar intaferon ɗin ma, duk da tana da yawa a masu cuta mai tsanani, ba ta cika hawa da sauka tare da tashin cutar a jikin mutum ɗaya ba. Saboda haka ba kowace rikicewa da aka gani a jini ce ke riƙe da linzami ba, kuma ba lallai wadda ke riƙe da shi a wannan marar lafiya ta zama ita ce a wancan ba.

Inda hujjar ta tsaya

Dole a faɗi abin da ke rage wa lamarin ƙarfi. Mutum ɗaya ce, sannan biyar, sannan takwas, kuma babu rukunin kwatanci. An ba ta fludarabine da cyclophosphamide, su ma masu danne garkuwa ne, suna kuma share ƙwayoyin T, don haka ba a cire ƙwayoyin B su kaɗai ba. Amsar da ake bayarwa ita ce ta sha cyclophosphamide a baya bai riƙe ta ba, kuma tasirin ɗura ɗaya ba ya kai watanni masu yawa. Amsa ce mai ma'ana, amma gwajin da aka raba mutane gida biyu ne kaɗai zai rufe bakin gardama. Waɗanda aka zaɓa kuma matasa ne masu cuta mai zafi, masu antibodin DNA mai yawa, wato irin waɗanda ƙwayoyin B suka fi rinjaye a cutarsu. Wanda ƙodarsa ta riga ta zama tabo, share ƙwayoyin B ba zai dawo masa da ita ba, kuma furotin zai iya ci gaba da zuba ko da kumburi ya mutu.

Ga mai lufus da ke karanta wannan, babu abin da ke cikinsa da ke nufin a ajiye hydroxychloroquine. Shi ne maganin da aka fi tabbatar da cewa yana rage tashin cutar, yana kuma rage lalacewar gaɓoɓin ciki, kuma yawancin masu cutar ba za su taɓa kaiwa matakin da wannan matashiya ta kai ba. Ƙirga Th17 da Treg har yanzu aikin ɗakin bincike ne. Abin da likita ke bin cutar da shi a asibiti shi ne fitsari, da C3 da C4, da antibodin DNA, da ƙidayar ƙwayoyin jini, da abin da ya gani a jikin marar lafiya.

CAR-T kuma ba abin wasa ba ne. A cikin mutum 15 ɗin nan, goma sun sami zazzaɓin martani marar tsanani, ɗaya ya sami mai matsakaicin ƙarfi, ɗaya maganin ya ɗan taɓa masa ƙwaƙwalwa, ɗaya kuma ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti. Fludarabine da cyclophosphamide suna iya taɓa haihuwa, abin da ke da nauyi ga cutar da ta fi kama mata masu shekarun haihuwa. Ana ƙera maganin ne ga kowane mutum shi kaɗai, a cibiyoyi ƙalilan masu kayan aiki, da tsada mai yawa. A watan Janairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta buƙaci a sa gargaɗi mafi ƙarfi a kan magungunan CAR-T da ke kasuwa, bayan rahotannin kansar ƙwayoyin T a wasu masu ciwon kansa da aka yi wa maganin, ta kuma ce a ci gaba da bibiyar duk wanda ya karɓa har tsawon rayuwarsa. Ga 'yar shekara 20, wannan bibiya ta shekaru masu yawa ce.